Kwamfutar Hajiya Uwani da Takarduna Biyu

Shekaru sun ɗan ja, amma ranar da na sa hannu a takardar da ta kusa raba Hajiya Uwani da kujerarta ba ta taɓa fita raina ba. Laraba ce, ana tsakiyar zafin bazara, saura kwana biyar a fara jarrabawar ƙarshen zango. Ku da kuke koyon aikin nan a wurina kun sha ganin yadda nake tada jijiyar wuya idan mutum ya yi gwajin minti biyu ya ce mini "lafiya lau". Na san a bayan idona kuna cewa Malam Habu ya cika faɗa. To, yau ku zauna ku ji inda faɗan ya samo asali, don ba a littafi na karanto shi ba.

Ga wanda bai san ni ba, shagona yana nan Rano, kusa da tasha. Da gyaran rediyo na fara, na koma talabijin, da kwamfuta ta shigo gari na bi ta. Mutane suna ce mini Injiniya, ni kuwa ban taɓa hana su ba, tunda ba ni na roƙa ba. A lokacin akwai wata makaranta mai zaman kanta a Kibiya da nake duba wa na'urorinta. Ba wasu masu yawa ba ne, kwamfutar ofis ce guda ɗaya da firinta. Tsarinsu shi ne, idan abu ya lalace shugaban makaranta ya kira ni, in duba, in rubuta abin da na gani, in sa hannu. Wannan takardar ake kai wa kwamitin makaranta, wasu dattawa biyar, su ne masu cewa a gyara, ko a sayi sabo, ko a tuhumi wanda ya yi ɓarnar.

Hajiya Uwani ita ce mai buga takardun makarantar. Ta haura shekara sittin a lokacin. Aikin tafireta ta yi wa gwamnati har ta yi ritaya, sannan ta koyi kwamfuta da furfurarta, lokacin da sa'o'inta suke cewa ai wannan abin yara ne. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta sun yi ta roƙon ta zauna a gida ta huta, ta ce ita in yatsunta suka kwana biyu ba su motsa ba ciwo suke mata. Duk wata takarda ta makarantar ta hannunta take bi, daga wasiƙar iyaye har tambayoyin jarrabawa. Ofishinta ɗan ƙaramin ɗaki ne da a da sito ne, jemagu sun yi gida a silin ɗinsa, amma kaf makarantar babu inda ya kai shi tsabta da ƙamshi. Malamai kan fake da neman takarda su je su zauna. Ni ma ba zan ɓoye muku ba, in na je nakan ja aikin minti goma ya kai rabin awa, don in sha ƙamshi in sha hirarta.

Ranar Talata da yamma shugaban makarantar, Malam Tijjani, ya kira ni. Mutumin kirki ne, mai sanyin hali, amma a muryarsa na ji an matsa masa. Ya ce sati uku ke nan kwamfutar ofis tana mutuwa ana tsakar aiki, abin da aka buga ya tafi, a sake daga farko. Tambayoyin jarrabawa ko rabi ba a gama ba. Malamai sun fara cewa ba injin ba ne, hannun Hajiya ne, ido ya yi rauni, tana danna abin da bai kamata ba.

"Injiniya, ba zan rufe ka ba," in ji shi. "Kwamiti zai zauna jibi Alhamis bayan azahar. Sun ce a kawo musu takardarka. In injin ne, a gyara. In kuwa injin lafiyarsa ƙalau, to za su ce Hajiya ta je ta huta, a nemo wani. Ni kuma wallahi ban san da wane baki zan faɗa mata ba."

Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, gobe da sassafe ina nan.

Bari in ɗan yi wa waɗanda ba 'yan sana'a ba bayani. A cikin kwamfutar tebur, can ta baya, akwai wani akwatin ƙarfe mai fanka a jikinsa, wayoyi kala-kala sun fito daga cikinsa. Mu a bakinmu fawa-fak muke ce masa, amma in ina magana da masu kaya akwatin wuta nake kiransa. Aikinsa ya karɓi wutar soket mai ƙarfi, ya sassauta ta, ya raba wa kowane ɓangare daidai abin da zai iya ɗauka. In kwamfuta tana mutuwa haka kawai ba sallama, shi ake fara tuhuma. Gwada shi kuwa ba wuya. Za ka cire filogi, ka buɗe murfin gefe, ka zare babban kan wayoyin nan daga jikin babban allon kwamfutar, wanda muke kira bod. Sai ka lanƙwasa 'yar guntuwar waya, ka sa baki ɗaya a ramin koriyar waya, ɗayan a ramin baƙa, ka mai da filogi. In fanka ta juya, akwatin ya tashi. Sannan ka ɗauko mita ka auna ƙarfin wutar, wanda ake ƙirgawa da bolt. Rawayar waya ta ba ka bolt goma sha biyu, ja ta ba ka biyar, mai ruwan lemo ta ba ka uku da 'yan kai.

Ranar Laraba tun kafin takwas na ajiye babur ɗina a ƙofar makarantar. Sauri nake, don ina so in koma Rano in kama motar Kano, akwai kayan gyara da zan karɓo kafin rana ta yi. Na tarar Hajiya ta riga ni, ta share ofis, ta yaye ƙyallen da take rufe kwamfutar da shi, wani fari mai saƙar hannu a gefe.

"Injiniya, ka zo duba mara lafiyata?" in ji ta.

"Na zo, Hajiya. Ina fata dai ba ita ke da gaskiya ba."

Ta yi dariya, amma dariyar ba ta kai ido ba. Ta san abin da ake faɗa, ai ba yarinya ba ce.

Na yi duk abin da na lissafa muku. Da na mai da filogi fankar ta ɗan yi jinkiri kafin ta tashi, kamar mai ciwon baya zai miƙe daga tabarma. Na gani da idona, ba zan yi ƙarya ba. Na ce a raina ai tsufa ne, tunda dai ta juya shi ke nan. Na auna da mita, goma sha biyu cif, biyar cif, ɗayar ma daidai. Na mai da komai wurinsa, na kunna, ta tashi tas. Na tsaya kanta minti goma ina duba agogo. Jikin akwatin ya ɗan manne mini a hannu, na zaro hankici na goge, na cusa a aljihu ko duba shi ban yi ba.

Hajiya tana tsaye a bayana ta ce, "Injiniya, ai da safe ba ta yi. Sai an ɗan jima ana aiki, rana ta ɗaga."

Kun san amsar da na ba ta? Har yau in na tuna sai kunya ta kama ni. Cewa na yi, "Haba Hajiya, inji ai bai san safe da rana ba." Na faɗa ina murmushi, irin murmushin wanda yake ganin ya fi kowa sani. Ta ce to.

Na shiga ofishin Malam Tijjani na rubuta layi huɗu da biro: na gwada akwatin wuta, na same shi lafiya, na kunna kwamfuta, ban ga wata matsala ba. Ya karanta ya sauke ajiyar zuciya. Sai ga abin da ban yi tunaninsa ba. Kwamiti ba ya karɓar rubutun hannu, sai bugagge. Mai bugawa kuwa guda ɗaya ce a makarantar. Ni da shi muka dubi juna, kowa yana jiran ɗan'uwansa ya ɗauka. Ƙarshe ni na ɗauka na kai mata.

Ta sa tabarau ta karanta sau ɗaya. Ta ajiye takardar a gefen hagunta, ta miƙe bayanta, ta ɗora yatsu. Ko kallon madannan ba ta yi ba. Kafin in gama tattara sukudirebobina ta gama, firinta ta fitar, ta miƙo mini da hannu biyu, ta nuna mini inda zan sa hannu. Babu kuskure ko ɗaya. Na sa hannu, ta ce, "Allah ya yi wa aiki albarka, a gaida mutan gida." Na hau babur na tafi, ina gaya wa kaina ai ni abin da mita ta nuna na rubuta, sauran ba ruwana. Amma wallahi har na je Kano na dawo abin bai bar raina ba.

Bayan la'asar ina zaune a tsakar gida ina shan fura, matata Saude tana zazzage aljihun rigata za ta jiƙa. Sai na ga ta ɗaga hankicin ta kai hanci.

"Baban Ummi, yau kuma gidan wace amarya aka kai ka gyara?"

"Wace irin amarya ana zaune ƙalau? Makaranta na je, sai kasuwa."

"To makarantar nan taku da gata take. Wannan ai danƙon turaren wuta ne, kuma haɗin gwanaye, wanda aka dafa da sukari." Ta murza shi da yatsa ta nuna mini, wani abu ruwan ƙasa mai yauƙi. "Ka manta abin da kake sha da fankar ɗakina? Kai ne fa kullum kake ƙorafi in na sa ka hau kujera ka kankare."

Na ajiye ludayin. Ƙwarai kuwa na san wannan danƙon. Hayaƙin turare mai sukari in ya samu fanka, manne mata yake, ƙura ta bi ta zauna a kai, sai da ruwan zafi da omo yake fita. A duk yinin nan abu ɗaya na taɓa da ya manne mini a hannu. Kuma fankar akwatin wuta aikinta ke nan, zuƙo iskar ɗaki tana busawa a cikinsa. Na ce, "Innalillahi! Saude, na yi ɓarna." Ta ce wace iri, na gaya mata. Ba ta raga mini ba ko kaɗan. Ta ce, "Tsohuwa ta gaya maka sai rana ta ɗaga, ka ce inji bai san rana ba? Kai dai Allah ya shirye ka. Gobe ka yi sammako."

Ranar Alhamis na ɗauki wani akwatin wuta mai kyau da nake ajiye da shi don gwaji, na ɗaure a bayan babur. Da na shiga ofishin Hajiya sai na tarar da abin da ban so gani ba. Ta fara tattara kayanta a cikin wata jaka, darduma da kofin shayinta da 'yar fitilar da take duba rubutun malamai da ita. Ba wanda ya ce mata ta tattara, ita dai ba ta so a sallame ta tana neman inda ta ajiye kofi. Ranar ɗakin ba sabon ƙamshi, sai na jiya da ya kwana. Na durƙusa kamar mai duba soket na leƙa ƙarƙashin teburin. Ga kaskon turare nan, sanyi ƙalau, a bayan kwamfutar, tsakaninsa da ita bai fi taki ɗaya ba. Shekara nawa ina zuwa ɗakin nan ina yabon ƙamshi, ban taɓa sunkuyawa na ga daga ina yake tashi ba.

Na je na kira Malam Tijjani, na ce, "Ranka ya daɗe, takardar jiya ka riƙe ta tukuna. Ina so ka ba ni awa ɗaya, ka zauna a nan, kada ka je ko'ina." Ya dube ni da mamaki, amma ya jawo kujera.

Wannan karon ban raba akwatin da aikinsa ba. Na bar komai a haɗe. Akwai rarar kan wayoyi da ba a amfani da shi, a nan na soka bakin mita, ɗaya a rawaya ɗaya a baƙa, na mai da murfi yadda yake zama kullum, na ajiye mitar a kan tebur inda kowa zai gani. Na ce, "Hajiya, don Allah ki yi aikinki kamar ba ma nan."

Ta dube ni ta saman tabarau. "Yau kuma injin ya koyi sanin safe da rana?"

"Ni ne nake koyo, Hajiya."

Ta ɗauko tambayoyin lissafi na 'yan aji biyar ta fara. Ɗakin ya yi tsit sai ƙarar madannai. Mita tana kan goma sha biyu. Kwata ya wuce, tana nan. Malam Tijjani ya fara motsi a kujera, ni kuwa gumi ya jiƙe mini riga, ina addu'a a zuciya, abin da ban taɓa yi ba, wai Allah ya sa inji ya lalace a gabana. Wajen minti ashirin da biyar lambar ta fara sauka. Na kai bayan hannuna ga ramukan akwatin, babu iska, sai zafi. Fankar ta tsaya. Sha ɗaya da rabi. Sha ɗaya. Na nuna wa Malam Tijjani da yatsa. Da na ga ta gangaro ƙasa da haka na ce da ƙarfi, "Hajiya, ɗaga hannuwanki!"

Ta ɗaga su duka biyu sama, tana zare ido. Muka yi kamar minti ɗaya a haka, ba wanda ya taɓa komai. Sai ɗif, kwamfutar ta ɗauke.

Malam Tijjani ya miƙe tsaye ya ce, "Allahu akbar! Ashe ba ita ba ce!" Hajiya kuwa hannunta na sama har lokacin, sai da na ce ta sauke. Ta sauke a hankali ta ɗora a cinya, sai na ga ta cire tabarau tana goge shi da gefen mayafi.

Da a nan labarin ya tsaya da na ji daɗi. Amma sai an san abin da ya kashe akwatin. Na cire filogi, na ba shi lokaci ya huce, don ku sani akwatin wuta yana riƙe wuta a cikinsa ko an cire shi, ba a gaggawar sa masa hannu. Sannan na kwance shi. Ina ɗaga murfin, ƙamshi ya cika ɗakin kamar an buɗe akwatin lefe. Fukafukan fankar sun yi kauri da danƙo, ƙarafan da ke shanye zafi sun lulluɓe, wasu 'yan gwangwanaye biyu masu riƙe wuta, da muke kira kwandensa, sun kumbura. Da sanyin safiya yana iya daurewa ya ba mita abin da take so. In aiki ya yi nisa zafi ya taru, sai ya kashe kansa.

Hajiya ta leƙa, ta shaƙa, ta dubi ƙarƙashin tebur. Nan take ta gane, haɗinta ne, da hannunta take dafa shi.

"Wayyo ni," in ji ta a hankali. "Ni na shaƙe ta ke nan? Injiniya, da gangan fa nake matsar da kaskon kusa da ita. Haka na yi wa tafiretata shekara da shekaru, ba ta taɓa yin ko tari ba. Na ga wannan tana jan hayaƙin, sai na ce a raina ashe ita ma tana so."

Malam Tijjani ya juya baya yana kallon taga, kafaɗarsa tana rawa, ban san dariya yake dannewa ko wani abu ba. Ni dai na ce, "Hajiya, tafireta ba ta numfashi, wannan kuwa tana yi. Kuma ni ya kamata in gaya miki tun ranar da aka kawo ta."

Na ɗaura akwatin da na zo da shi, kwamfuta ta tashi. Sai batun sabuwar takarda. Na zauna na rubuta cewa gwajin da na yi jiya bai cika ba, kuskurena ne, domin na gwada akwatin yana sanyi ba ya ɗauke da aiki. Yau na gwada shi ana aiki, ya gaza a gaban shugaban makaranta, hannun mai bugawa ba ya kan madannai. Da na zo kan dalili sai biro ya tsaya. Na san kwamitin nan. In suka ji kalmar turare, wani zai ce to ai ga shi, dama mun faɗa, laifinta ne. Sai na rubuta "datti da zafi ne suka toshe fanka". Ba ƙarya na yi ba, amma ni da ku mun san ban faɗi duka ba. Na miƙa mata.

Ta karanta, ta dube ni, ta buga. Da takardar ta fito na ɗauka zan sa hannu sai na ga layukan sun fi nawa yawa. A ƙasan wurin sa hannuna an ƙara wani layi: "Dattin da Injiniya ya ambata danƙon turaren wuta ne da nake sakawa kusa da kwamfutar kowace safiya. Ban san yana cutar da ita ba." Ga sunanta a ƙasa.

Na rage murya na ce, "Hajiya, wannan fa ban rubuta ba. Ki cire, don Allah. Kin san abin da zai iya jawowa."

"Na sani. Tunda na fara aikin nan ban taɓa ƙara ko ɗigo a takardar wani ba, yau ne farko. Amma kai ka rubuta naka laifin da hannunka, ni kuma in ɓuya a bayan rigarka? Na gode da sutura, ɗan nan, Allah ya suturta ka. Sa hannunka, in sa nawa."

Bayan azahar kwamiti ya zauna a ofishin shugaba. Ba a saba kirana ba, amma ranar na ce sai na shiga. Shugaban kwamitin, Alhaji Ɗanlami, mutumin Durba ne mai motocin haya, ba ya kwana-kwana a magana. Aka ajiye masa takardun biyu. Ya karanta ta farko, ya karanta ta biyu, ya ɗago.

"Injiniya, jiya lafiya, yau ba lafiya. Wacce za mu ɗauka? Ni direbana in ya yi mini haka, makulli nake karɓa."

Na ce, "Alhaji, ka yi gaskiya. Ta jiya ta mai sauri ce, ta yau ta wanda ya zauna. In akwai wanda za a karɓi makulli a hannunsa, ni ne." Na ajiye musu akwatin a buɗe a kan tebur. Dattawa suka leƙa, ƙamshi ya buge su, wani ya ce tabɗi, wannan ai ko ɗakin amarya albarka.

Alhaji bai yi dariya ba. Ya sa yatsa a layin ƙarshe ya ce a kira Hajiya. Ta shigo ta gaishe su ta tsaya a bakin ƙofa.

"Hajiya, wa ya sa ki rubuta wannan?"

"Ba kowa, Alhaji."

"Injiniya bai ambaci turare a nasa ba."

"Bai ambata ba. Rufa mini asiri ya yi."

"Kin san da wannan layin kaɗai za mu iya cewa ki tafi?"

"Na sani, ranka ya daɗe. Kayana ma suna cikin jaka."

Ni kam na sadda kai, na ce shi ke nan, na gyara inji na kasa gyara ɓarnata. Alhaji ya juya ga sauran dattawan. Ya ce, "Jama'a, ni ban yi boko mai nisa ba, amma na san ɗaukar ma'aikaci. Tambayoyin jarrabawar 'ya'yanmu a hannun matar nan suke kwana, har da na jikokinta, ba mu taɓa jin ko ɗaya ta fita ba. Yau an rufa mata asiri, ta ce ba ta so, ta tona da kanta. Mai saurin hannu za mu samu gobe in muna so. Irin wannan kuwa ku gaya mini a wace tasha ake samunta." Ya juyo ya ce, "Hajiya, je ki zazzage jakarki. Kaskon nan dai a fitar da shi baranda. Kai kuma Injiniya, makullinka yana hannunka, amma ka rage sauri."

Hajiya ta ce, "Na gode, Allah ya saka da alheri," ta juya da sauri. Na bi bayanta don in kwashe kayan aikina. Na same ta ta zauna a kujerarta, ta dafa kwamfutar da hannu ɗaya, hawaye yana zuba, tana dariya kuma. Ta ce, "Kada ka tsaya kallona, Injiniya, saura aji uku ban buga ba." Ranar Litinin aka fara jarrabawa a kan lokaci. Ta ƙara shekaru a kujerar nan, kuma ranar da ta bar ta ita ta zaɓi ranar da kanta.

To kun ji. Guntuwar wayar nan da kuke sokawa tsakanin koriya da baƙa, abin da take gaya muku kawai shi ne akwatin yana iya tashi. Ba ta gaya muku zai iya yini yana aiki. Ku ɗora masa kayansa, ku ba shi lokaci ya yi zafi, ku zauna ku sa ido a kan mita. In mai kaya ya ce muku sai lokaci kaza take yi, ku saurare shi, shi yake yini da ita, ku baƙi ne. Kuma kafin ku rubuta wa inji "lafiya lau", ku tambayi kanku wa za a tuhuma in kun wanke shi. Ni da hannuna na wanke akwatin ƙarfe na bar dattijuwa da laifi, ita kuwa ta buga mini takardar ba kuskure, ta miƙo da hannu biyu, har da sa mini albarka.